Labarin Masaukan Disney a Amurka: Gyara Ya Ragu, Kuɗin Ɗaki Bai Ragu Ba

 Labarinmu na yau daga ƙasar Amurka ya fito, a kan gyara yake kuwa. Babu mai shiga kasuwa da bai san gyara ba, watau ɗan abin nan da mai sayarwa kan ƙara wa mai saye bayan an gama awo, domin ya faranta masa rai ya sake dawowa gobe. To, akwai wani babban kamfani a can wanda ya daɗe yana yi wa baƙin masaukansa gyara mai yawa, sa'an nan tsakanin 2018 da 2022 ya janye mafi yawansa, kuɗin ɗaki kuwa bai sauko ba. Baƙi suka yi ta gunaguni, jaridun ƙasar suka yi ta rubutu. Abin da ya kamata mu duba shi ne: shin gyaran nan kyauta ne tun asali, ko kuwa yana cikin kuɗin da baƙo ya riga ya biya?

Asalin wurin

Sunan kamfanin Disney. Ya samo sunan daga wani Ba'amurke da ake kira Walt Disney, wanda ya shahara wajen zanen hotuna masu motsi da ake nuna wa yara a majigi. Ran 17 ga Yuli, 1955, mutumin nan ya buɗe wani dandalin wasa a garin Anaheim, cikin jihar Kalifoniya, ya sa masa suna Disneyland. Abin da ake nufi da dandalin wasa a nan shi ne fili babba da aka kewaye, aka cika shi da lilo iri iri, da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa da gangara da gudu, da kwalekwale, da gine-gine masu kama da fadar sarakunan tatsuniya. Mutum ya biya kuɗi a ƙofa ya shiga da iyalinsa, su wuni suna hawan wannan suna kallon wancan har dare.

Filin da ya saya bai wuce eka 160 ba. Da jama'a suka yi ta kwarara, sai waɗansu mutane suka sayi ƙasar da ke kewaye, suka kafa masaukai da gidajen abinci. Shi ya tara jama'a, amma kuɗin kwanansu da na cinsu yana faɗawa aljihun waɗansu. Har babban masaukin da ke ɗauke da sunan Disneyland ma na wani attajiri ne dabam, sai bayan fiye da shekara 30 kamfanin ya iya sayensa.

Wannan ya koya masa hankali. Da ya tashi kafa dandali na biyu, sai ya nufi jihar Fulorida, kusa da garin Orlando, ya yi ta sayen ƙasa a ɓoye da sunayen ƙananan kamfanoni don kada masu ƙasa su farga su tsawwala, har ya tara wajen eka 27,000. Bai ga an buɗe wurin ba, gama ya rasu cikin Disamba 1966. Wansa Roy ne ya ƙarasa aikin, aka buɗe ran 1 ga Oktoba, 1971, aka sa masa suna Walt Disney World. A ranar nan masauki biyu ke ciki, kuɗin shigar babban mutum kuwa dala 3 da rabi ne, ban da kuɗin hawan lilo. Daga baya aka ƙara dandali uku, a 1982 da 1989 da 1998, suka zama huɗu. Masaukai kuma suka haura 20, aka kasa su aji uku: na masu ƙaramin ƙarfi, da na tsaka-tsaki, da na masu hali.

Irin gyaran da ake yi

Masaukan da ke cikin filin kamfanin sun fi na waje tsada nesa ba kusa ba, alhali a bakin iyakar filin akwai ɗakuna da yawa masu araha. To, me zai sa magidanci ya bar mai araha ya kama mai tsada? Gyara ne. Ga kaɗan daga cikin abin da baƙon ciki yake samu wanda na waje ba ya samu.

Na fari, mota. Tun daga Mayu 2005 kamfanin ya sa manyan motoci da ya kira Magical Express, suna ɗaukar baƙo daga filin jirgin saman Orlando zuwa ƙofar masaukinsa, tafiyar wajen mil 20, su kuma mai da shi ranar komawa, ba ko anini. Kafin ya baro gida an aika masa da 'yan takardu ya manna a jikin akwatunansa. In ya sauka daga jirgi ba ruwansa da ɗaukar kaya, sai dai ya tarar da su a ɗakinsa.

Na biyu, lokaci. A dā, kowace rana akan zaɓi dandali guda a buɗe wa baƙin ciki shi sa'a ɗaya kafin sauran jama'a, ko kuwa a bar su su ƙara sa'a biyu da dare bayan an sallami kowa.

Na uku, layi. Babbar wahalar irin wannan wuri ita ce tsayuwa, domin a lokacin cunkoso mutum yakan tsaya fiye da sa'a guda yana jiran lilon da ba zai wuce minti uku a kansa ba. A 1999 aka fito da wata dabara mai suna FastPass: a yanka wa mutum lokaci, in lokacin ya yi ya zo ya bi ta gajeren layi. A lokacin, wannan kyauta ce ga duk wanda ya biya kuɗin ƙofa. Da aka mai da tsarin ta hanyar intanet, sai aka ba baƙon ciki damar kama wurarensa uku na kowace rana tun saura kwana 60, na waje kuwa sai saura kwana 30. Kafin na waje ya zo, an riga an kwashe masu kyau.

Na huɗu, wata munduwa ta roba da aka fara bayarwa a 2013, wadda ita ce mabuɗin ɗaki, ita ce takardar shiga, da ita kuma ake biyan kuɗin abinci. Na biyar, wanda ya zo da motarsa yakan ajiye ta a masauki ba tare da biya ba.

Kowa ya dubi waɗannan abubuwa da idon ɗan kasuwa zai gane ba don neman lada aka yi su ba. Baƙon da aka ɗauko daga filin jirgi bai yi hayar mota ba. Wanda ba shi da mota kuwa ba zai fita cin abinci cikin gari ba, ba zai kuma leƙa dandalin kamfanin Universal ba, wanda aka buɗe a Orlando a 1990, shi ne kuwa babban abokin gasar Disney. Karin kumallonsa, da abincin rana, da na dare, da tsarabar da zai kai gida, duk a hannu ɗaya zai saya. Dattawan da suka san fataucin goro za su tuna da mai masauki a zango, wanda yakan sauki falke ya ba shi ɗaki da tuwo bai karɓi kuɗin kwana ba, domin ya san cinikin ta hannunsa zai bi, la'adarsa kuma tana nan. Tuwon nan da lissafi ake tuƙa shi. Haka motar nan take: igiya ce mai laushi da ake ɗaure baƙo da ita, shi kuwa yana jin daɗin ɗaurin.

Yadda aka yi ta zarewa

An fara ne tun kafin annoba. Cikin Maris 2018 aka sa wa baƙin masauki kuɗin ajiye mota, dala 13 ko 19 ko 24 kowane dare, gwargwadon ajin masaukin. Sa'an nan annobar korona ta zo, aka rufe wurin a tsakiyar Maris 2020, ba a buɗe ba sai ran 11 ga Yuli. Wata huɗu ke nan ba shiga ba fita. Asarar ta yi yawa, har cikin Satumba na shekarar kamfanin ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 28,000. Da aka buɗe, sai aka ce an dakatar da gajeren layi, da ƙarin lokaci, da kai kaya ɗaki, saboda halin da ake ciki. Jama'a suka yi haƙuri, suna tsammani in annoba ta wuce kome zai koma yadda yake.

Ashe ba haka ba ne. Ran 1 ga Janairu, 2021, aka daina ba da munduwa kyauta. Cikin watan nan kuma aka yi shela cewa motar filin jirgi za ta daina ɗauko baƙi daga 1 ga Janairu, 2022, haka kuwa aka yi. Ran 1 ga Oktoba, 2021, ranar da wurin ya cika shekara 50, aka kawo sabon tsarin lokaci: baƙon ciki ya shiga minti 30 kafin jama'a, amma a ko wane dandali ya ga dama, kowace rana. Ƙarin lokacin dare kuwa aka keɓe shi ga masaukan masu hali kaɗai, shi ma a waɗansu darare. Cikin watan Oktoban nan aka binne FastPass, aka kawo wani mai suna Genie+, wanda kowane mutum zai biya dala 15 a rana kafin ya bi gajeren layi. Lilon da aka fi rububi kuma ba ya cikin wannan, kuɗinsa dabam. Bayan shekara guda aka sa farashin ya riƙa hawa da sauka bisa ga yawan jama'a, har ya kai dala 35 a waɗansu ranaku na 2023.

Bari mu yi lissafi kamar yadda ake yi a rumfa. A ce magidanci ne da matarsa da 'ya'ya biyu, za su yi kwana biyar a farkon 2022. Gajeren layi, dala 15 sau mutum 4 sau kwana 5, dala 300 ke nan. Mota daga filin jirgi: kamfanin Mears, wanda dā ma shi ke tuƙa motocin a madadin Disney, ya ci gaba da aikin da sunansa, yana karɓar dala 16 daga babban mutum a tafiya ɗaya, yara ƙasa da haka kaɗan. Zuwa da komawa na mutum huɗu ya haura dala 100. Jimla, fiye da dala 400 a kan abin da shekara uku kafin nan ba a biya masa kome. Ba a sa kuɗin ƙofa ba, wanda tun 2015 ya haura dala 100 ga mutum ɗaya a dandalin farko.

Hujjar kamfani

Adalci ne a ji ta bakin mai kaya. Game da mota, kamfanin ya ce zamani ya sake, matafiya sun sami motocin haya da ake kira ta wayar hannu, irin su Uber da Lyft, sun fi son su tafi lokacin da suka ga dama. Game da lokaci, ya ce minti 30 a dandali huɗu kullum ya fi sa'a guda a dandali ɗaya, domin dā baƙi kan taru wuri guda su cika shi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin maganganun nan duka biyu.

Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne wurin yana cika ko da gyara ko babu. Bayan annoba mutane sun fito da ƙishirwar yawo, da kuɗin da suka tara suna zaune a gida. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Chapek, wanda ya hau cikin Fabrairu 2020, ya karkata ga neman abin da kowane baƙo zai kashe ya ƙaru, ko da yawan baƙin bai ƙaru ba. A farkon 2022 kamfanin ya shaida wa masu hannun jari cewa abin da kowane baƙo ke kashewa a dandalinsa na Amurka ya ɗara na 2019 da fiye da kashi 40 cikin 100. Mai kayan da ya ga masu saye sun yi layi a ƙofarsa, da wuya ya tuna da gyara.

Juyawar al'amari

Ba a daɗe ba sai gunaguni ya yi yawa, musamman daga tsofaffin baƙi masu zuwa kowace shekara. Cikin Nuwamba 2022 hukumar kamfanin ta sauke Chapek, ta dawo da wanda ya gada, Bob Iger. Dalilan saukewar suna da yawa, ba maganar masauki kaɗai ba ce. Amma abin lura shi ne, cikin Janairu 2023 aka soke kuɗin ajiye mota a masaukai, kuma cikin Maris na shekarar Iger ya faɗa a bainar jama'a cewa mai yiwuwa ne sun zafafa wajen farashi saboda ɗokin riba. Cikin Yuli 2024 aka sake tsarin gajeren layi, aka ba baƙon ciki damar kama wuri tun saura kwana 7, na waje saura kwana 3, sai dai fa biyan kuɗin yana nan. A 2025 aka ba baƙin masauki shiga dandalin wasan ruwa kyauta a ranar saukarsu. A shekarar nan kuma, ran 22 ga Mayu, Universal ya buɗe sabon dandali babba mai suna Epic Universe a garin. Mai gyara ya fi tunawa da gyara ran da maƙwabcinsa ya kafa sabuwar rumfa.

Duk da haka, manyan abubuwa biyu da aka ɗauke, motar filin jirgi da gajeren layi na kyauta, ba su cikin abin da aka mayar. An karɓi raƙumi, an mai da akuya.

Abin da ke cikin labarin

To, mu koma ga tambayarmu ta farko. Ba za a ce kamfanin ya yi zamba ba. Bai ɓoye ba, ya yi shela, game da mota ma ya ba da wa'adin kusan shekara guda. Wanda ya kama ɗaki bayan shelar ya san abin da ya saya, ciniki kuwa da yardar juna ake ƙulla shi. Kaya nasa ne, yana da ikon ya sa musu kuɗin da ya so.

Amma kuma ba za a ce abin da ya janye kyauta ce tsantsa ba. Kyauta ita ce abin da aka ba ka ba ka sa rai ba. Gyaran da aka shekara 16 ana yi, aka buga shi a takardun talla, aka ce wa mutane ku kwana wurinmu domin ku sami kaza da kaza, wannan ya riga ya shiga cikin ciniki. Masana hukuncin saye da sayarwa sun daɗe da faɗin cewa abin da al'ada ta tabbatar tsakanin masu ciniki yana daidai da abin da aka sharɗanta da baki. Baƙon da ya yarda ya biya ɗaki mai tsada, da motar da layin da lokacin ya haɗa ya auna, sa'an nan ya ce ya saya. Saboda haka ranar da aka zare su kuɗin ɗaki yana nan yadda yake, ƙarin kuɗi aka yi, ko da lambar da ke rubuce ba ta motsa ba. Kamar mai hatsi ne da bai taɓa farashin mudu ba, sai dai ya sake mudun da ƙarami. Bambancin kawai, wannan ya ɗaga sabon mudun sama kowa ya gani.

Akwai kuma wani abu game da sayar da layi wanda ya cancanci tunani. Lilo yana da iyakar mutanen da zai ɗauka cikin sa'a guda. In aka shigar da wanda ya biya ta gajeriyar hanya, babu makawa wanda bai biya ba tsayuwarsa ta ƙaru. Ashe abin da ake sayarwa lokacin waɗansu ne, waɗanda su ma sun biya kuɗin ƙofa cif. Dā can mai hali da mai ƙaramin ƙarfi, in sun wuce ƙofa, rabonsu ɗaya a gajeren layi, sai dai wanda ya riga wani. Da aka sa masa kuɗi, sai uba ya tsaya cikin rana da 'ya'yansa suna kallon 'ya'yan wani suna wucewa. Irin wannan ba ya fitowa a littafin lissafi, amma yana zama a zuciya.

Ga mai sayarwa, darasin a fili yake. Kafin ka fara gyara, ka auna ko za ka iya ɗorewa da shi, domin sabo yana mai da alheri ya zama bashi. Wanda ba ka taɓa yi wa gyara ba, ba ya jin haushinka. Wanda ka saba yi wa ka daina, gani yake ka ƙwace masa nasa. In kuma tsada ta matsa maka, gara ka fito fili ka ce kaya sun tashi, da ka riƙa tsakurar awo kaɗan kaɗan, gama mai saye yakan yafe tsada, amma ba ya mance ranar da ya gane ana yi masa dabara. Cikar kasuwa ta yau kuma ba ta lamunce ta gobe ba. Kamfanin nan ya fi ƙarfin a ce zai karye saboda motar filin jirgi, amma duk girmansa sai da ya dawo yana lallashi.

Ga mai saye kuwa, kada kalmar kyauta ta rufe maka ido. Duk abin da aka ce an ƙara maka, ka tambayi kanka nawa zai ci in da kanka za ka saya, ka kuma tambaya me mai kayan yake nema a wurinka da ya ba ka shi. In an zare gyara, ka sake lissafi daga farko kamar yau ka fara zuwa kasuwar, kada ka tsaya wuri don kawai nan ubanka ya saba sauka. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Da yawa daga baƙin Orlando sun yi wannan lissafi, waɗansu suka ga har yanzu kusanci da minti 30 na safe sun ishe su, waɗansu suka koma masaukan waje suka yi hayar mota. Kowannensu ya yi daidai, muddin da ido buɗe ya zaɓa.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa daga labarin masaukan Disney. Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya ba mu ikon cika awo. Haza wassalam.